Duniya a cikin kwali

A wannan sati filin namu zai ɗan kauce wa maganar siyasa da ta tsadar hatsi, ya leƙa wani sha'ani wanda na san da yawa daga cikinku za su yi dariya da jin sa. A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai manyan mutane, masu furfura da jikoki, mata da maza, waɗanda suke kashe kuɗinsu da lokacinsu wajen tara ƴan tsana. Ba don ƴaƴansu suke saye ba, hasali ma yaro bai isa ya kai hannu kusa ba. Jera su suke yi cikin akwatin gilashi a tsakiyar falo, kowace da tufafin wata ƙasa: ga ta Japan da doguwar rigarta ta siliki, ga ta Indiya da sari, ga ta Holan da takalmin katako. Wadda kuma suke nema ruwa a jallo ita ce wadda kamfani ya daina ƙerawa.

Kafin mu yi dariyar, mu tuna da ɗakin amarya a Maraɗi ko Damagaram. Kakanninmu sun jera ƙore da faya-fayi, iyayenmu suka jera tasoshi da langa da kwalla da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, ƴan baya kuma suka koma ga tangaran. Kwanon jere ba a cin tuwo a cikinsa, aikinsa ke nan a gan shi. Duk macen da ta taɓa bin kasuwa rumfa-rumfa tana neman kwano guda ɗaya da zai cike mata jerenta, alhali an daina kawo irinsa, ta san ciwon da ke damun waɗannan annasara. Sai dai shi kwano ba ya faɗin komi game da kowa. Ita kuwa ƴar tsanar da aka rubuta wa sunan wata ƙasa a goshin kwalinta, da yawun mutanen ƙasar take magana, ko sun aike ta ko ba su aike ta ba. Nan ne abin ya shafe mu.

Mafi shahara cikin irin waɗannan ƴan tsana su ne na kamfanin Mattel da ke jihar Kalifoniya, mai ƙera Barbie. Wata mata mai suna Ruth Handler ce ta fito da Barbie ranar 9 ga Maris 1959 a wajen baje kolin kayan wasan yara na birnin Niyok. Ta laƙaba mata sunan ɗiyarta Barbara, ta kuma ɗauko fasalinta daga wata ƴar tsana ta Jamus da ake kira Lilli. Tsawonta santimita 29, kuɗinta a lokacin dalar Amurka 3. Bayan shekara 21, wato a 1980, kamfanin ya buɗe wani sabon jeri wanda daga baya aka san shi da sunan Dolls of the World, ma'ana ƴan tsanar duniya. Da uku aka fara: ta Italiya, da ta birnin Pari, da ta gidan sarautar Ingila. Daga nan kusan kowace shekara sai an ƙara biyu ko uku. Indiya ta shigo a 1982, Japan a 1985, Girka da Peru a 1986, Meksiko da Rasha a 1989. A bayan kowane kwali akan buga ɗan bayani a kan ƙasar, sau da yawa har da taswira da ƴan kalmomi na harshen mutanenta, domin a ce wa iyaye abin saye ne mai ilimi a ciki. Masu tarawa sukan sami saɓanin shekara ɗaya wajen faɗin shekarun nan, saboda shekarar da aka buga a kwali takan riga shekarar da kaya suka shiga kanti.

Dabarar cinikin ba ɓoyayya ba ce. Ana ƙera kowace na ɗan lokaci, shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan a rufe, a fito da wata. Wanda ya sayi ta Girka da ta Peru ya jera, gurbin ta Jamus zai riƙa yi masa gizo. Wanda kuma ya shigo harkar a makare, dole ya koma wajen waɗanda suka riga shi, ya saya da tsada. Da haka kasuwa ta biyu ta kafu, da dillalanta da littattafan farashinta da tarukanta na shekara-shekara, kafin intanet ta zo ta haɗa mai saye da mai sayarwa ba tare da ɗan tsakiya ba. Akwai wata mata a birnin Dusaldof na Jamus, Bettina Dorfmann, wadda littafin Guinness ya shaida cewa a 2011 ta mallaki Barbie 15,000. Allah ɗaya, gari bamban.

Babbar ƙa'idar masu wannan harka ita ce kada a buɗe kwali. Ƴar tsanar da ba a taɓa fitarwa ba, wadda har yanzu zaren da aka ɗaure ta da shi a masana'anta bai tsinke ba, ita ce mai daraja. Da an yage bakin kwali, darajar ta faɗi warwas. In kuwa yarinya ta tsefe mata gashi ko ta batar da takalmi ɗaya, sai dai a sayar da ita a tsibi. Abin da aka yi don hannun yaro, ga shi martabarsa ta koma kan cewa hannun yaro bai taɓa shi ba. Ni dai wannan wuri yana ba ni tausayi fiye da dariya, domin a cikin gidaje da yawa an yi ƴan mata da suka girma suna kallon ƴar tsana ta bayan leda, uwa tana cewa a bari, wata rana za ta yi kuɗi.

Kuma akasarinsu ba su yi kuɗin ba. Dalili kuwa a fili yake: abin da ya sa Barbie ta 1959 take tsada, har aka sayar da guda ɗaya a kan fiye da dalar Amurka 27,000 a wani gwanjo a 2006, shi ne a wancan zamani babu wanda ya yi tunanin ajiya. Yara sun yi wasa da su, sun karya, an zubar, saura kaɗan suka tsira. Amma a shekarun 1990 kowa ya ji labari, kowa ya sayi biyu ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Abin da kowa ya ajiye ba ya wuya, abin da bai yi wuya ba kuwa ba ya tsada. Irin haka ta faru da wasu ƙananan dabbobin tsumma da ake kira Beanie Babies, waɗanda kamfaninsu ya riƙa shelar cewa ya yi wa wannan ko waccan ritaya don farashi ya hau. Mutane suka zuba ajiyarsu a ciki, kasuwar ta rushe wajen 1999 zuwa 2000, aka bar su da buhuna. Kalmar "an daina ƙerawa" ba ta nufin "ya yi ƙaranci".

A nan zan ɗan tsaya saboda ƴan uwanmu masu sayar da kayan gwanjo, waɗanda muke kira bosho, a Katako ta Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram, domin a cikin dilolin da ke zuwa daga Turai da Amurka akan tsinci irin waɗannan ƴan tsana tsirara, gashi a cukurkuɗe. Wani zai juya bayanta ya ga an rubuta 1966, ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Wannan lamba shekarar da aka yi rajistar fasalin jikin ce, kuma an ci gaba da buga ta a kan miliyoyin ƴan tsana shekaru da dama bayan haka. Abin dubawa shi ne sunan ƙasar da aka ƙera ta. Na farko-farko a Japan aka yi su. Duk wadda aka rubuta wa Sin ko Indunusiya ko Malesiya ta baya ce, kuɗinta kuɗin abin wasan yara ne, a sayar wa mai ɗiya a huta. Wanda kuma yake sha'awar ajiya a ƙasarmu, ya san da wa zai yi kokawa. Zafin watan Afrilu da Mayu yana sa man da ke cikin robar ya tsattsafo, ƙafafu su yi danƙo su kama ƙura. Rana tana kashe launin tufafi, ledar gaban kwali takan koma ruwan ɗorawa. Gara kuwa ba ta san darajar kwalin da ba a taɓa buɗewa ba.

To, mu koma ga abin da ke cikin kwalin. Shekara 10 cur aka yi ana zagaya duniya ba a taka ƙasar Afirka ba. Sai a 1990 aka fito da ta Najeriya, tare da ta Barazil. Ta Kenya ta biyo a 1994 da shigar Masai, ta Gana a 1996 da zane mai zanen kente, ta Maroko a 1999. Huɗu ke nan cikin shekara 20, ga nahiya mai ƙasashe fiye da 50, alhali a daidai wannan tsakani ƙasashen Turai da aka yi wa tasu sun haura 15, wasu ma har sau biyu ko uku. Da aka shiga jerin gimbiyoyi daga 2001, Afirka ta sami ta kogin Nilu da shigar zamanin Fir'auna, da ta Afirka ta Kudu da ƙawanyun wuya irin na matan Ndebele. Dukkansu an daina ƙera su tun tuni.

Ita ta Najeriyar, da zanenta da ɗaurin kanta da kayan ado masu ruwan zinariya, wace ce ita? Bayarabiya ce, ko Ibo, ko Bakanuwa, ko Babarbariyar Maiduguri? Ƙasa mai ƙabilu fiye da 250 an naɗe ta cikin ƙyalle ɗaya. Don a yi adalci, su ma Turawan ba su tsira ba: Faransa duk girmanta an mayar da ita ƴar rawar kankan ta gidajen shaƙatawa na Pari, Kanada kuma aka sa mata jar rigar ƴan sandan doki. Amma yaron Amurka yana da hanyoyi ɗari na sanin Faransa. Najeriya ko Kenya kuwa, mai yiwuwa wannan kwali ne farkon abin da ya gani kuma shi ne na ƙarshe. Ta Jamaika da aka fitar a 1992 da ɗankwali da ƙyallen ɗaurawa a gaba, masu suka sun ce ta fi kama da ƴar aikin gida.

Wata malamar jami'a baƙar fata a Amurka, Ann duCille, ta yi rubutu mai ƙarfi a kan wannan a 1994. Gundarin hujjarta shi ne, kamfanin bambanci yake sayarwa amma tukunya ɗaya yake zuba robar a ciki. A canza launin fata, a canza tufafi, wani lokaci a ɗan taɓa hanci da leɓe, jiki kuwa yana nan yadda yake: dogayen ƙafafu, ƙugu kamar na zanzaro, da tafin ƙafa a lanƙwashe don takalmi mai tsini. Ku duba ku gani, macen Masai da ke bin shanu a dajin Kenya an tsayar da ita a kan ƴan yatsu. Wanda ya jera ashirin a akwatinsa yana tsammani mata ashirin yake kallo, alhali mace ɗaya ce ta sake kaya sau ashirin. Kuma kada a ce wasan yara ne ba ya komi. Tun a shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙaƙe ƴan tsana fara da baƙa, akasarin yaran suka zaɓi farar suka ce ita ce kyakkyawa. Kotun ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Mu da muke ganin yadda man sauya launin fata yake cin kasuwa a garuruwanmu, bai kamata mu raina wannan magana ba.

Nijar fa? Ba a yi tata ba. Mun saba, tun da akwai masu ilimi a ƙasashen waje da har yanzu suke ɗauka Nijar da Najeriya kuskuren rubutu ne ya raba su. Ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Da an yi, na san inda za a dosa: hoton da ke kan takardun masu yawon buɗe ido, wato ko Ba'abziniya da shuɗin mayafi da azurfar Agadas, ko Bororo da kwalliyar gerewal. Dukansu namu ne, muna alfahari da su. Amma Bahaushiya, wadda al'ummarta ta fi rabin mutanen ƙasar, da Bazabarmiya da Babarbariya da Batubiya da Bagurmiya, da sun zama ba su cikin lissafi, kuma da yaran wata nahiya sun tashi da yaƙinin cewa kowa a Nijar bisa raƙumi yake kwana.

Duk da haka ba zan ce tara waɗannan ƴan tsana aikin banza ne ba. Suna da wani amfani wanda masu ƙera su ba su nufa ba, kuma sai bayan an daina ƙera su yake fitowa. A 1991 an fitar da ta Cekoslobakiya. Ranar 1 ga Janairu 1993 ƙasar ta rabu biyu, Cek da Sulobakiya, ƴar tsana ta wayi gari ba ta da ƙasa, abin da ya sa masu tarawa suke ba ta muhimmanci na dabam. Ta Rasha ta 1989 ta fito ne Tarayyar Sobiyet tana da sauran shekara biyu a duniya. Sunaye ma sun tsufa a kan kwalaye. Ta 1981 an kira ta Oriental, kalmar da mutanen Asiya mazauna Amurka suke ƙyama, har shugaba Obama ya sa hannu a 2016 aka cire ta daga dokokin tarayya. Ta 1982 an kira ta Eskimo, sunan da mutanen Inuwit na Kanada ba su so. Da aka sake yin irinta a 1997 sai aka sa mata sunan yankin ƙanƙarar da suke zaune. Mu ma in mun duba bakinmu za mu tarar da sunayen da muke kiran wasu maƙwabta da su, waɗanda su ba su kiran kansu da su. A 2012 kamfanin ya sabunta jerin, ya ba kowace fasfo da ƴar dabba. Ta Meksiko aka haɗa ta da ɗan ƙaramin kare irin na ciwawa, sai rigima ta tashi a 2013, domin a ƙasar da ake farautar baƙin haure ƴan Meksiko ana tambayarsu takardu, ƴar tsana mai riƙe da fasfo ta yi kama da habaici. Kamfanin ya kare kansa da cewa duk na jerin suna da fasfo, kuma gaskiya ne, amma inda ƙurji yake nan ake jin zafin taɓi. Saboda haka wanda ya jera su bi da bi daga 1980, abin da ya tara shi ne tarihin yadda Amurka take kallon sauran mutane, shekara bayan shekara. Wannan kuwa abin ajiyewa ne, in dai mai shi ya san abin da ya ajiye.

An taɓa yin abin ta wata hanya. A 1927, bayan dokar 1924 da ta rufe wa Japanawa ƙofar shiga Amurka ta ɓata tsakanin ƙasashen biyu, wani ɗan mishan da ya daɗe a Japan, Sidney Gulick, ya sa yaran Amurka suka aika ƴan tsana 12,739 zuwa makarantun Japan, kowace da ɗan fasfonta, a daidai lokacin bikin ƴan tsana da Japanawa suke yi ranar 3 ga Maris. Japan ta mayar da biki da guda 58, manya, waɗanda gwanayen masu sana'arta suka ƙera suka yi wa sutura ta siliki, da kuɗin da yaran makaranta suka tara. Ba su hana yaƙi ba. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, aka ce ƴan tsanar Amurka ƴan leƙen asirin abokan gaba ne, aka ƙone wasu, aka soke wasu da mashin gora a gaban ɗalibai. Ɗari uku da ƴan kai ne suka tsira, saboda wasu malaman makaranta sun ɓoye su a rufin ɗaki da bayan allo, suna sane da abin da zai same su in an gane. Abin lura a wajenmu shi ne, su 58 ɗin nan Japanawa ne suka zaɓi yadda za a gan su. Haka ma gidan ƴan tsana na ƙasa da ƙasa da mai zanen barkwanci Shankar Pillai ya buɗe a birnin Delhi a 1965, wanda ya tara fiye da 6,000 daga ƙasashe sama da 80: da yawansu kyauta ce daga ƙasashen kansu, kuma gidan yana da ɗakin sana'a inda ake ɗinka na Indiya bisa shigar kowace jiha, a yi musaya da su.

Na san akwai mai karatu da tun ɗazu yake cewa, ina hukuncin addini? Tambaya ce mai kyau. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa, cikinsu har da Alƙali Iyal na mazhabarmu ta Malikiyya, sun kafa hujja da wannan suka keɓe abin wasan ƴan mata daga hanin da aka yi a kan siffofi, saboda yana koya musu reno. Amma rangwamen don wasa aka yi shi. Babba ya sayi siffa cikakkiya mai ido da hanci ya kafa a falo don ado, wannan wata magana ce dabam, kuma a nan malamai sun tsananta. Mai niyya ya zauna da malaminsa tukuna. Abin sha'awa shi ne, ƴar tsanarmu ta gargajiya yawanci ba ta da fuska ko kaɗan.

Ita ce ma ainihin wadda aka daina ƙerawa, ba tare da wani kamfani ya yi shela ba. Mata masu shekaru hamsin zuwa sama za su tuna: ƙashin ƙafar rago bayan layya, a wanke, a shafa masa danƙo ko kakin zuma a kai, a dasa zare a yi kitso, a ɗaura masa jigida ta tsakiya; ko karan dawa, ko ɗan yumɓu da aka busar a rana. A roƙi ƙyalle wajen maɗinki a yi zane da kallabi. A goya ta a baya, a yi mata suna, a yi mata aure da gara da jere na fasassun sakaina, ƴan matan unguwa su taru su yi guɗa. Yarinyar da ta yi wa ƴar tsanarta kitso da ɗaurin zane, shigar garinsu ta kwaikwaya daidai, ba ta buƙatar taswira a bayan kwali. Yau ƴar roba mai ruwan gashin masara da ake kawowa daga Sin ta kore ta daga birane, tana kuma bin ta ƙauye. Maƙwabtanmu sun fi mu sa'a a nan: akuwaba ta Asantawa da ƴar katakon Mosawa da ta Falawan Kamaru suna cikin manyan gidajen tarihi na duniya, domin itace yana daɗewa. Kara da ƙashi da tsumma kuwa, in yarinya ta girma, sai bola.

Akwai masu ƙoƙari. A Legas wani ɗan kasuwa, Taofick Okoya, da ya nemi baƙar ƴar tsana don ɗiyar ɗan uwansa ya rasa, ya kafa Queens of Africa a 2007, da guda uku: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarabawa, da Azeezah ta Hausawa. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin yana sayar da 6,000 zuwa 9,000 a wata. Jikin a Sin ake zubo shi, a Legas ake yin kitso da ɗinki, wanda ya nuna inda ƙarfinmu yake da inda bai kai ba tukuna. A 2016 wata matashiya ƴar Ilori, Haneefah Adam, ta shahara a duniya da ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana sa hotunan a Instagram. A ƙarshen 2017 Mattel da kansa ya sanar da ta farko mai hijabi, da siffar ƴar wasan takobi Ibtihaj Muhammad. Kasuwa ce ta juyo da su, ba wa'azi ba.

Mu a nan muna da harsashi. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana da zaure na musamman na tufafin al'ummomin Nijar, ga kuma masu sana'ar hannu suna aiki a harabarsa. Masaƙan tera-tera suna nan, masu dukanci na Damagaram da Tawa suna nan, maƙeran azurfa na Agadas suna nan, matan Bororo masu surfani suna nan. Wanda zai iya yin jakar fata mai ado zai iya yin ƙaramarta. Wadda ta iya kitson zanen yawo a kan mutum za ta iya a kan zare. Baƙon da ke son ya koma gida da ƴar tsana mai shigar Adar ko ta Gobir ko ta Manga, ya kamata ya same ta a hannun ɗan Adar da ɗan Gobir da ɗan Manga, ko da fuska ko babu.

Kafin nan akwai aikin da ba ya son jari. Duk wanda tsohuwarsa take da rai, ya roƙe ta ta yi masa ƴar tsana irin ta ƙuruciyarta, da kayan da ta saba. A rubuta a takarda sunan garin, da shekarar da aka yi ta, da sunan kitson, da sunan ɗaurin zanen, da waƙar da ake yi mata in ana rarrashi. A naɗe da farin ƙyalle tare da takardar, a sa cikin kwalla mai murfi, a ɗora nesa da ƙasa saboda gara. Malaman lakwal ma za su iya sa ɗalibai su kawo ɗaya-ɗaya daga gidajensu, a jera a aji, a ga bambancin ta Filinge da ta Mirya.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.